Ƙarar Kunne da Tuban da Ban Yi Ba

A unguwarmu ta Gwarzo, in ka ce a nuna maka mutumin da ya bar jin kiɗa saboda Allah, ƙofar gidana za a kawo ka. Har ustazu ake ce min yanzu, ni da aka sani da rediyo a kafaɗa tun ina saurayi. Na daɗe ina karɓar wannan yabo ina sunkuyar da kai kamar na gaske. Gaskiyar maganar ita ce ban tuba daga komai ba, kunnena ne ya lalace. Shirun da na yi a kan haka kuwa ya jawo asarar da har yau take cina a rai, kuma ba ni kaɗai ta shafa ba.

A Garo aka haife ni, can ƙasar Kabo, a gidan manoma. Lokacin da muka taso ana yin gayya sosai. In damina ta kankama, mai gona zai raba goro, samarin gari su hallara kowa da garmarsa, matan gidan su dama fura su tuƙa tuwo a kai gona. Amma duk wannan ba a ce an yi gayya ba sai makaɗin garinmu ya iso da gangar noma. Aminin mahaifina ne, tare aka yi musu kaciya, saboda haka Baba nake ce masa kamar yadda nake ce wa nawa uban. Gajere ne mai faɗin ƙirji, mai yawan tsokana, ba ya ganin mutum ya ƙyale shi. In ya rataya gangar nan ya biyo bayan manoma, malalacin gari ma sai ya yi abin kirki ranar.

Kowane manomi da takensa, wato 'yar maganar da ganga take faɗa wadda tasa ce shi kaɗai. Ba kai kake zaɓa wa kanka ba, makaɗi ne yake dubanka ya yanka maka daidai da halinka. In aka kaɗa takenka, ko me kake yi sai ka ɗago, ka ɗaga hannu ka yi jinjina, sannan ka koma bakin aiki da ƙarfin da ba ka san kana da shi ba. Ba a ƙin amsa take. In makaɗi ya kaɗa maka har sau uku ka yi banza da shi, to ka ce masa babu kai babu shi ke nan, kuma a gaban jama'a ka faɗa.

Nawa na samu ina kwalejin horon malamai, na zo hutu. Na shiga gayya don kada a ce boko ya kashe min zuciya, alhali hannuna ya riga ya yi laushi. Tun kafin rana ta ɗaga aka bar ni a baya ina haki. Sai na ji ganga a ƙeyata tana faɗin wani abu sabo, samari suka kwashe da dariya kafin ni in gane. Cewa take: ɗan boko, ajiye biro, ga garma. Haushi ya kama ni, na sunkuya na dinga huɗa kamar zan tsaga gonar, sai da na kamo na gabana na wuce shi. Da muka kai ƙarshen gona Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "To ɗan boko, ka samu naka. Ko gwamna ka zama da shi zan kira ka."

Ban zama gwamna ba. Malamin firamare na zama, aka turo ni Gwarzo, na yi aure, na yi gida. Amma duk ranar da na je Garo Baba ya hango ni da ganga a jikinsa, sai ya kaɗa, ni kuma in ɗaga hannu ko da babbar riga ce a jikina. Son kiɗa kuwa ya biyo ni har Gwarzo. Da albashina na farko rediyo mai kaset na saya kafin in sayi katifa. Na tara kwali guda na kaset, na garaya, na kukuma, na kalangu, na mata masu kiɗan ƙwarya, da zamani ya juya na sa aka tura min irinsu a waya. Ni ba mai rawa ba ne, ban ma iya ba. Kishingiɗa nake yi a tabarma bayan la'asar in saurara. Abin da na fi so a waƙa shi ne ɗan shirun nan na tsakani, inda mawaƙi zai ja numfashi, 'yan amshi su ɗan jira, kiɗa ya yi ƙasa kamar zai tsaya sannan ya dawo. Maiɗakina takan ce in an zo wannan wuri ko gobara ake a gidan ba zan motsa ba.

Albashin malami kowa ya san iyakarsa, sai na haɗa da injin niƙa a bakin kasuwa. In an tashi daga makaranta in tuɓe riga in shiga rumfa, ni da injin da ƙurar gari har magariba. Shekara goma sha wani abu ina haka. Magana a rumfar nan da hannu ake yi, mai kawo niƙa ta nuna min da yatsa ko gari take so ko tsaki. Ban taɓa tunanin toshe kunne ba. Wa ma yake yi? Ai da an ce raki gare ni.

Wata Laraba da yamma na kashe injin, sai ƙara ta ƙi mutuwa. Na zagaya bayansa na duba bel, komai ya tsaya cik. Na leƙa rumfar mai walda da ke kusa da ni, ya riga ya rufe ya tafi. Wata 'yar siririyar ƙara ce mai tsini, irin kukan gyare, sai dai shi gyare yana hutawa. Na kama hanyar gida ta biyo ni, na shiga masallaci ta shiga. Na ce gajiya ce, gobe za ta tafi. Yau shekara bakwai ke nan, ko na minti ɗaya ba ta taɓa fita ta bar ni ba.

Maiɗakina kaɗai na faɗa wa. Ta ce, "Malam, ai zancenka ake yi a wani wuri. In kunne ya yi ƙara salati ake yi, ka yi ta yi." Na ce in zancena ake yi to mutanen nan ba su da aikin yi, kwana bakwai ba su ɗaga ba. Ta ɗiga min man zaitun, ta ɗiga man shanu mai ɗumi, ta kawo gashin kaza ta sosa min, aka karɓo rubutu na sha. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na tafi asibiti a Kano ban faɗa wa kowa inda za ni ba. Aka sa min wani abu a kunne aka ce in danna maɓalli duk lokacin da na ji sauti, na yi ta dannawa har na rasa wanne ne nasu wanne ne nawa. Likita ya tambaye ni sana'ata, da na ambaci injin ya gyaɗa kai. Ya ce babu maganin da zai cire ta, in guji hayaniya kada ta ƙaru, sauran kuma sai sabo. Na fito na tsaya a bakin titi raina a ɓace, ina jin haushin injin, da likitan da bai yi min komai ba, da kaina.

Na sayar da injin, wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya karya min zuciya shi ne ranar da na koma tabarmata bayan la'asar na kunna kukuma. Sautin kukuma siriri ne, daidai inda ƙarar take zaune yake bi, sai suka cakuɗe na kasa raba su. Muryoyin 'yan amshi suka koma kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Na ƙara murya, ƙarar ta ƙaru. Na rage, ta rufe waƙar. Da aka zo wurin shirun nan da nake jira, babu shiru, ita ce a wurin ta baje abinta. Na gwada garaya, na gwada kalangu, na gwada abin sawa a kunne, wannan ma ya fi muni. Kuma duk ranar da na yi taurin kai na saurari waƙa biyu ko uku, sai ƙarar ta hau ta kwana biyu ba ta sauko ba, sai ka ce hora ni take yi. Waƙoƙin da na haddace tun ina yaro suna nan, na san inda kowace gaɓa take shigowa, ina ganin kaset yana juyawa, amma daɗin ba ya isowa gare ni. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tabarmar ba.

Sai na tattara kwalin kaset na ba wani mai shayi, rediyon na ba ƙanin maiɗakina, na goge na cikin waya. Ban yi don lada ba, na yi ne don kada in riƙa ganinsu.

Me ya hana ni faɗa wa mutane? Girman kai, ba wani abu ba. Garinmu in suna ya kama mutum ba ya sakinsa. Na san malamin da ya taɓa faɗuwa daga keke sau ɗaya a gaban ɗalibai, har ya yi ritaya da keken nan ake kiransa. Ina ji ina gani ba zan zama malam kurma a bakin 'yan aji huɗu ba. Ga shi kuma ni ba kurma ba ne, ina jin magana in dai ba a cikin hayaniya ba. Ta yaya ma zan yi wa mutum bayanin ƙarar da ni kaɗai nake ji? A nan, wanda yake jin abin da wasu ba sa ji, an san wurin da ake kai shi.

Mutane kuwa ba sa barin abu babu fassara. Aka ga na bar injin, aka ce ya rage neman duniya. Aka ga na raba kaset, aka ce ya gane gaskiya. Salatin da maiɗakina ta ɗora ni a kai ya zame min jiki, don yana ɗan ɗauke min hankali daga ƙarar, sai ga ni kullum da carbi, leɓe yana motsi. A masallacin unguwa akwai lasifika biyu a bangon baya, in aka tada iƙama kamar ana huda min kai, sai na koma zuwa da wuri in kama sahun gaba, daidai bayan liman, inda nake jin muryarsa ta baki. Biki na daina zuwa, in an kunna kiɗa a majalisa in miƙe in kaɗe riga. Ba a yi wata shida ba aka fara ce min ustazu.

Abin har makaranta ya kai. Akwai wata malama 'yar Filato da muka daɗe muna aiki tare, ita ke koya wa yara waƙoƙin asambuli, kuma da can ni ne nake tsayawa a taga ina gyaɗa kai. Wata rana na zo wucewa ta ɗaga hannu ta tsai da yaran, suka yi tsit har na wuce. Girmama ni ta yi. Na shiga ajina na zauna kamar wanda aka mara. Da na koma gida na faɗa wa maiɗakina abin nan fa yana damuna, sai ta yi dariya.

"To Malam, zaginka aka yi? Shekara ashirin ana ce min matar mai rediyo, ka bar ni in ɗan sha iska mana."

Ni ba na shiga gardamar malamai a kan kiɗa, ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne ana yaba min a kan abin da ban yi ba, kuma duk ranar da na ƙara yin shiru, fita daga ciki tana ƙara wuya.

Ana haka aka sa ranar auren ɗan yayana a Garo. Wannan ba bikin da zan ƙi zuwa ba ne. An ɗaura aure da hantsi, bayan azahar samari suka kafa manyan lasifika a ƙofar gida suka tada janareta. Ni dama na zo da shirina. Na cusa auduga a kunnuwa biyu, na jawo hula, na yafa hirami a ka, na tafi can gindin darbejiya na zauna na ba taron baya, na fito da carbi. Duk da haka ƙarar ta hau, kaina yana sarawa, ina ta tunanin lokacin da zan iya yin sallama in tafi ba a ce ba ni da kara ba.

Ban san Baba ya zo ba. A lokacin gayya ta riga ta mutu, shanun huɗa da tarakta da maganin feshi sun gama da ita. Mahaifina ya rasu, yawancin masu take sun bi shi ko sun bar gari. Baba ya tsufa, bai cika fitowa da ganga ba, amma da ya ji bikin gidan amininsa ne kuma ɗan boko ya zo, ya rataya ta ya tako a hankali. Ya tsaya daga can bakin taro kusa da janareta, don ƙafa ba ta kai shi nesa, ya kaɗa takena. Na ji wani dum-dum a cikin hayaniyar, na ɗauka na samarin ne. Ya sake. Dattawan da suka san taken suka juyo suna kallona. Ya sake na uku. Ni kuwa ina zaune, kai a ƙasa, ina jan carbi. An ce ya daɗe a tsaye da gula, sandar kiɗansa, a hannu, sannan ya juya ya tafi.

A mota muna komawa maiɗakina ta faɗa min, ita ma a cikin gida ta ji mata suna zancen. Na ce direba ya tsaya in sauka in koma. Ta ce magariba ta kawo kai, in bari sai gobe. Gobe ta yi, ga makaranta. Kwana biyu bayan haka limamin unguwarmu, wanda yake cikin waɗanda suka raka ni ɗaurin auren, yana karatu bayan la'asar, sai ya kawo misali. Bai kama suna ba. Cewa ya yi akwai wani bawan Allah a cikinmu da aka kaɗa masa takensa sau uku a gaban danginsa, ya danne zuciyarsa bai ɗago ba. Aka yi ta kabbara ana waiwayena, wani dattijo na kusa da ni ya kama hannuna ya riƙe. Da ina da zuciya, a nan zan miƙe in ce Allah gafarta malam, auduga ce. Ban miƙe ba. Na sunkuyar da kai don kunya, aka ɗauka tawali'u ne.

Daga nan zuwa wurin Baba ya gagare ni. In na je in ce masa me? In na faɗa masa gaskiya, kafin sati ta iso Gwarzo, in zama wanda ya zauna liman yana yabonsa a kan ƙarya. In ban faɗa ba, me ya kai ni? Sai na riƙa cewa bayan Sallah, bayan girbi, bayan jarrabawa. In na je Garo gaisuwa sai in bi ta bayan gari don kada in wuce ƙofar gidansa. Damina biyu ta wuce a haka. Na tsani kaina a wannan lokaci, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa, don ko maiɗakina ta gaji da zancen.

Abin da ya tashe ni daga ƙarshe daka ne. Maƙwabtanmu za su yi suna, injin unguwa ya lalace, sai mata suka fito da turmi. Ina zaune a tsakar gida da hantsi ina duba littattafan ɗalibai, na ji taɓare uku suna lugude ta bayan katanga, wannan ta sauka wannan ta tashi, wata tana ɗan buga gefen turmi tana ƙawata shi. Na jima ina ji kafin in lura da abin da ke faruwa. Ƙarar tana nan a sama inda take, amma luguden ta ƙarƙashinta yake wucewa, ba su haɗu ba. Sauti ne mai kauri, a ƙirji yake sauka. Na ajiye jan biro na matsa na jingina da katangar. Rabona da jin daɗin wani sauti shekara huɗu, har sai da hawaye ya zo min. Da suka gama na zauna ina jiran ƙarar ta hau kamar yadda ta saba, ba ta hau ba.

Nan take gangar noma ta faɗo min a rai. Duk kaset ɗina babu ita, don ba irin kiɗan da ake sayarwa ba ne, kuma ta fi turmi kauri. In na ji lugude zan ji ta, in dai babu janareta babu auduga. Wato kiɗa ɗaya ya rage min a duniya, kuma yana hannun mutumin da na wulaƙanta a bainar jama'a. Ba zan ɓoye ba, ba nadama kaɗai ce ta kai ni ba, har da son kai. Na ƙudurta in na dawo zan tsaya a masallaci in faɗi gaskiya, kome za a ce a ce. Washegari na sayi goro da yadin shadda na hau mota.

Na same shi a zaure a kan buzu, ya rame, idonsa ya yi hazo. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi ruwan Gwarzo, ni kuma ina ta jiran faɗa. Babu faɗa. Kama hannuna ya yi da hannu biyu.

"Ɗan boko, ashe za ka zo. Na so in aika a kira ka, na ji nauyi."

"Baba, ni ne da jin nauyi. A kan abin da ya faru a bikin nan na zo."

"Ai godiya zan yi maka," in ji shi.

Ya ce ranar ya koma gida bai iya cin tuwo ba. Da farko ransa ne ya ɓaci, har ya yi niyyar kai ƙarata wurin yayana. Da aka kwana biyu sai ya zauna ya yi tunani.

"Na ce yaron nan a gabana ya girma, raini ba halinsa ba ne. Kuma na san yadda kake son taken nan. In har ka ji shi sau uku ka iya dannewa, to abin da ka hango a karatunka ba ƙarami ba ne. Ni da kwanana ya kusa ƙarewa, me nake jira?"

Sai ya je wurin limamin garin ranar Juma'a, a gaban jama'a ya yi wa Allah alkawarin ba zai ƙara ɗaukar gula ba. Ya dawo gida ya sa wuƙa ya yanke igiyoyin gangar da hannunsa. Yana gama faɗa ya nuna min lungun zauren. Itacen gangar yana kwance a wurin, babu fata ko ɗaya, an zuba ƙaiƙayi a ciki, kaza tana kwanci.

Zan iya yin shiru in karɓi godiyar in tafi, ai na saba. A gabansa dai na kasa.

"Baba, ban ji ba ne."

"Me ka ce?" Shi ma kunnen ya yi nauyi.

Na matsa na ɗaga murya. "Na ce ban ji taken ba. Kunnena ne ba shi da lafiya. Auduga ce a kunnena ranar."

Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga injin har zuwa lugude.

"Auduga," in ji shi.

"Auduga, Baba."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da na miƙa masa ruwa. Da ya lafa ya daɗe yana kallon lungun nan.

"To ai da ka aiko. Gwarzo da Garo wace tafiya ce?"

Na ce in ya yarda ni zan nemo fata, in nemo mai ɗaurawa ko a ina yake. Na roƙe shi ya kaɗa min takena sau ɗaya tak, a nan cikin zaure, babu wanda zai sani.

"Fata ba wuya gare ta ba, akuya nawa ake yankawa a garin nan?" ya ce. "Amma ni ba da kai na yi alkawari ba. Naka tuban na auduga ne, nawa kuwa da gaske na yi shi. Wanda na yi wa ya san da audugar tun ranar, kuma ya bar ni na yi."

Na ce haka ne. Ban sake roƙo ba, ba ni da bakin yi. Da na miƙe zan tafi ya riƙe bakin rigata.

"Abu ɗaya nake so a wurinka. Kada ka faɗa wa kowa maganar nan ina da rai. Yanzu in na shiga masallaci matsawa ake a ba ni wuri, abin da ban taɓa samu ba ina makaɗi. Kada a wayi gari a ce tsoho ya yanka gangarsa saboda auduga. Ba zan iya da dariyar mutanen Garo ba."

Na yi masa alkawari. Na je da niyyar in fita daga ƙaryar nan, na dawo an ƙara ɗaure ni a cikinta, kuma wannan karon ba ni da wanda zan ga laifinsa. Shekara biyu na ƙara ina ustazu, ana ba ni sahun gaba, direbobi suna kashe kiɗa in na shiga mota su kunna min wa'azi da ƙarfin da ya fi na kiɗan. Duk wata nakan je wurinsa mu zauna a zaure mu yi hirar gona da tsadar taki, ba mu ƙara tada zancen ba. Wani lokaci muna magana sai in ga yatsunsa sun fara motsi a kan gwiwarsa, shi kuma ya lura, ya danne su da ɗaya hannun. Ni sai in kau da kai.

Ya rasu bara da kaka, ana yankan dawa. A maƙabarta bayan an rufe shi, dattawan gari suka ce ustazu ya matso ya yi addu'a, tunda shi ne sanadin shiriyarsa. Na matsa na yi, kuma da gaske na yi ta, ina kuka, ƙarar tana kunnena ko ragewa ba ta yi ba. Bayan sadakar uku na tambaya ko akwai wanda ya koyi kiɗan a wurinsa. Babu, 'ya'yansa kowa da sana'arsa. Takena da shi aka binne. Ban san ko kunnen nan zai iya jinsa ba, kuma ba zan taɓa sani ba.